Afiniti da Abiditi: Sunaye Biyu da Bai Kamata a Cakuɗa Ba

Feftayid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Masanin sinadaran nan na Jamus, Emil Fischer, shi ya raɗa sunan a 1902, kuma tushensa kalmar Girkanci ce mai nufin narkar da abinci, don irin waɗannan gutsattsarin ne ke fitowa idan ciki ya narkar da furotin. Masu haɗa magunguna suna son feftayid saboda ba ya ɓatan kai wajen gane inda aka aike shi. Matsalarsa ita ce riƙo sako-sako: ya kama, ya saki.

A nan sunaye biyu ke shigowa. Afiniti shi ne ƙarfin riƙon hannu ɗaya a wuri ɗaya. Asalinsa a Latin dangantakar aure ce, wato surukuta tsakanin biyu. Abiditi kuwa daga kalmar kwaɗayi ya fito, kuma yana nufin ƙarfin da ake samu idan hannuwa da yawa suka kama a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa cire ƙarangiya daga bakin wando ya san abin: ƙaya ɗaya ba ta da wani ƙarfi, amma kafin ka ɓamɓare wannan, waccan ta sake maƙalewa. Jikinmu ya daɗe da sanin dabarar. Antibodin IgG hannu biyu gare shi, IgM kuwa goma.

Da masana suka fara ƙera irin wannan abu mai hannuwa da yawa a ɗakin gwaji, sai da suka nemi gindin da za su jera feftayid a kansa, kuma gindin mai rassa ya sha sunaye. Fritz Vögtle na Jami'ar Bonn ya kira nasa da sunan ruwa mai gangarowa hawa-hawa a 1978. A 1985 George Newkome ya ce arborol, daga kalmar bishiya a Latin. A shekarar ce kuma Donald Tomalia na kamfanin Dow ya ce dendirima, daga bishiya da yanki a Girkanci. Na Tomalia ne ya zauna, kuma ya dace, don sunan kansa yana nuna siffar: kututture, reshe, kowane reshe ya rabu biyu. A 1988 James Tam na Jami'ar Rockefeller ya gina gindi da amino asid ɗin laisin mai rassa takwas, ya ɗaura feftayid a bakin kowane reshe.

Amfanin haɗa hannuwa ya bayyana a 2012, lokacin da ayarin Kristian Strømgaard a Jami'ar Kofanhegan ya haɗa feftayid biyu da zare guda domin su kama aljihu biyu na furotin PSD-95, wanda ke da hannu a lalacewar ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki. Riƙon ya ninka kusan sau dubu.  Yawan hannuwan da tazararsu ne suka fi yin aikin.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu da masu rubuta kimiyya da Hausa kada su tattara kalmomin biyu a ƙarƙashin "ƙarfin kamu" kawai. A ce "riƙon hannu ɗaya" da "riƙon taron hannuwa". Ɗalibin da ya rabe su ya fahimci dalilin da ya sa feftayid mai rauni zai iya zama magani.