Hanyoyin Sanyaya da Ɗumama Tsofaffin Gidajen Ƙasa Ba Tare da Lalata Ginin Ba

Gabatarwa

Allah ya albarkaci gabashin Jihar Sakkwato da tsofaffin garuruwa masu tarihi. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a shekarar 1837, kuma a nan hubbarensa yake. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Haka nan a Goronyo da Taloka da sauran garuruwan bakin gulbin Rima, har yanzu akwai zauruka da soraye da masallatai na ƙasa waɗanda aka gada iyaye da kakanni. A 'yan shekarun nan, samuwar wutar sola da janareta ta sa magidanta da kwamitocin masallatai da dama suna sha'awar sanya na'urar sanyaya ɗaki a irin waɗannan gine-gine. Wannan bayani an tsara shi ne domin jama'ar karkara da jami'an ƙananan hukumomi su san yadda za a sami sanyi da bazara da ɗumi da hunturu, ba tare da an yi asarar ginin ko an jefa rayuka cikin haɗari ba.

Yanayin yankin

Kamar yadda aka sani, shekara a wannan yanki ta kasu kashi-kashi. Daga watan Maris zuwa Mayu lokacin bazara ne, inda zafin rana kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, zafi kan ragu amma iska kan yi nauyi da laima. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu ne, iska busasshiya mai ƙura, da sanyi mai ratsa jiki da dare da asuba. Saboda haka abin da ya yi amfani a Afrilu ba lallai ne ya yi amfani a Agusta ba, kuma wajibi ne magidanci ya yi la'akari da wannan kafin ya kashe kuɗinsa.

Yadda ginin ƙasa yake aiki

Maginan da suka gina waɗannan gidaje sun san zafin ƙasarsu. Bangon tubali mai kauri da rufin soro na azara da ƙasa ba sa barin zafin rana ya shiga ɗaki nan take. Ƙasar takan shanye zafin a hankali, sai bayan awoyi da dama ya kai ciki, lokacin da rana ta riga ta faɗi. Wannan ne dalilin da ya sa zaure ko soro yake da sanyi da azahar, amma yake ɗumi da dare. Da bazara sai jama'a su kwana a tsakar gida, da hunturu kuma wannan ɗumin na dare ya zama alheri. Ƙananan tagogi da ake yi a saman bango suna fitar da iska mai zafi, suna kuma rage shigar ƙura.

Sai dai ginin ƙasa yana da manyan abokan gaba guda uku, wato ruwa, da gara, da nauyi ko girgizar da ba a yi ginin dominsu ba. Abin da ya faru a Zariya ya isa ishara. Babban masallacin Juma'a na birnin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya haura shekara 180 a tsaye, amma a watan Agustan 2023, ana tsakiyar damina, wani sashensa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Tsohon gini komai ƙarfinsa yana bukatar dubawa a kai a kai, balle a ce za a huda shi ko a rataya masa kaya.

Mataki na farko: gyaran ginin

Kafin a sayi kowace na'ura, ya kamata a kira magini wanda ya san aikin ƙasa ya duba ginin. A duba tsagewar bango, da azarar da gara ta ci, da indararon da ya toshe, da gindin bangon da ruwa ya zaizaye. A sabunta yaɓe kafin faɗuwar damina, da makuba ko laso inda ake samunsu. A guji shafe bangon ƙasa da siminti, domin siminti yakan tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da zai zube.

Inda aka riga aka maye gurbin rufin soro da kwano, to a sani kwano ne babban mai kawo zafi. Maganinsa shi ne a sa silin, a bar sarari tsakaninsa da kwanon da ƙofofin da iska za ta ratsa, a kuma shafa wa kwanon farin fenti. Bugu da ƙari, rumfar zana ko itacen dogonyaro a gefen yamma suna kare bango daga ranar la'asar, amma a dasa itacen nesa da gini saboda saiwa. Da bazara a rufe ƙofa da taga da rana, a buɗe su da dare domin bango ya huce. Sau da yawa waɗannan matakai kaɗai sun wadatar.

Mataki na biyu: fanka da kula mai ruwa

Fankar silin tana cin wuta wajen wat 60 zuwa 75, ƙananan fankoki masu aiki da sola ko batir kuma ba su kai haka ba. A gidan ƙasa fankar tsaye ta fi dacewa, domin rataya fanka a jikin baka ko azara yana jawo girgiza da ke sassauta ƙasar rufi.

Akwai kuma na'urar da ake zuba wa ruwa, wadda ake kira kula. Aikinta irin na randa ne: iska busasshiya tana ratsa jiƙaƙƙen abu, ruwan yana tashi, iskar tana yin sanyi. Tana da amfani sosai a Maris da Afrilu, kuma ba ta cin wuta da yawa. Amma tilas a bar taga a buɗe lokacin da take aiki, a nesanta ta da bango, a kuma ajiye ta da zarar damina ta kankama, domin a lokacin sai dai ta ƙara laima a ɗaki.

Mataki na uku: na'urar sanyaya ɗaki mai kashi biyu

Na'urorin sanyaya ɗaki da ake samu a kasuwannin Sakkwato da Kano iri biyu ne. Akwai tsohuwar samfurin da ake fasa bango ko taga a cusa ta gaba ɗayanta. Wannan ba ta dace da ginin ƙasa ba ko kaɗan, saboda girman ramin da nauyinta da girgizarta. Akwai kuma mai kashi biyu, wadda masu sayarwa ke kira sifilit. Kamfanonin ƙasar Japan ne suka yaɗa ta a duniya, kuma a ƙasashen Turai da Amurka ana yawan sanya ta a tsofaffin gidajen tarihi, domin ba ta bukatar manyan bututun iska da za a fasa bango da rufi saboda su. Kashi ɗaya yana cikin ɗaki yana busa sanyi, ɗayan yana waje yana fitar da zafi, siraran bututun jan ƙarfe biyu da waya da tiyon ruwa ne kawai ke haɗa su, ta wata ƙaramar huda mai faɗin santimita 6 zuwa 7.

Duk wanda zai sanya ta a ginin ƙasa, ya kiyaye waɗannan sharuɗɗa:

1. Magini ya kasance a wurin tare da mai haɗa na'urar, shi ne zai nuna inda za a huda. Kada a huda baka, ko ginshiƙi, ko kusurwa, ko wurin da aka yi zanen ado.

2. A yi hudar da hannu a hankali, ta ɗan karkata ƙasa zuwa waje, a zura bututun roba a ciki, a toshe gefensa da ƙasa.

3. Kashin waje yana da nauyi, yakan kai kilo 25 zuwa 35. Kada a rataya shi a bango, kada a ɗora shi a kan soro. A yi masa dakali a ƙasa, a inuwa, da tazara daga bango. A garuruwan fadama irin su Taloka, inda ambaliyar shekarar 2010 ta yi ɓarna a yankin Goronyo, a ɗaga dakalin sosai.

4. Kashin ciki a kafa shi a jikin katako mai faɗi ko tsayayyen ƙarfe da ya dogara da ƙasa, domin ƙusa ba ta riƙe ƙasa yadda take riƙe bulo.

5. Ruwan da na'urar ke zubarwa shi ne babban haɗari. Da damina yakan kai lita ɗaya ko fiye a awa guda. Idan ya riƙa ɗiga a gindin bango, zai jiƙa shi, ya kira gara. A ja tiyon nesa da gini, ko a tara ruwan a bokiti a ba shuka.

6. Wayoyin lantarki su bi ta cikin bututun roba a saman bango, kada a sassaƙe bango a binne su, a kuma nesanta su da azara da zana saboda gobara.

7. A tsayar da sanyin a digiri 25 ko 26. Sanyi mai tsanani yana cin wuta a banza. Da hunturu da bazara a wanke ragar tace ƙura kowane mako biyu.

Batun wuta da kuɗi

Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya ta isa matsakaicin ɗakin ƙasa, kuma tana cin wutar da ta kai ta fankokin silin goma ko fiye. Samfurin da ake kira inbata ya fi tsada wajen saye, amma ya fi sauƙin wuta, kuma shi ne ya fi dacewa da sola. Sanyaya ɗaki da sola da rana abu ne mai yiwuwa, amma kwana da na'urar a kunne yana bukatar batura masu tsada. Wanda zai yi amfani da janareta ya ajiye shi a waje, nesa da ɗakin kwana da taga. Har ila yau a yi hattara da tsofaffin na'urori 'yan gwanjo masu amfani da iskar R22, domin ana janye wannan iska a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta shekarar 1987, kuma samunta domin gyara zai ƙara wuya.

Ɗumama ɗaki da hunturu

Akwai samfurin sifilit da ke iya juyawa ya ba da ɗumi, amma yawancin waɗanda ake sayarwa a Nijeriya sanyi kawai suke bayarwa, saboda haka mai saye ya tambaya. Gaskiyar magana, ɗakin ƙasa mai rufin soro ba ya bukatar na'ura da hunturu. Ya isa a buɗe ƙofa da hantsi rana ta shiga, a rufe tun la'asar, a saki asabari ko labule mai kauri, a toshe kafofin da iska ke shigowa.

Abin da ya fi bukatar jan kunne shi ne kaskon gawayi da wutar da ake hurawa a ƙarƙashin gadon ƙasa, musamman ga tsofaffi da masu jego. Gawayi yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci. A hura gawayin a waje, a ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Idan wani ya ji ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya a ɗakin da ke da wuta, a fitar da kowa waje nan take, a garzaya asibiti mafi kusa.

Kira ga shugabanni da jami'ai

Ana kira ga uwayen ƙasa da hakimai da limamai da sassan ayyuka na ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo da su tabbatar an nemi shawarar magina kafin a taɓa tsohon masallaci ko fada ko hubbare. Duk ginin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa yana ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1979, kuma doka ta hana a sauya masa fasali sai da izininta. Yana da kyau kuma a ɗauki hotunan gini kafin aiki da bayansa, a ajiye a ofishin ƙaramar hukuma.

Daga ƙarshe, na'ura takan yi shekara goma ko goma sha biyar ta lalace a sayi wata, amma soron da ya zube ba a samunsa a kasuwa, kuma maginan da suka iya ɗaurin baka suna ta ƙaranci. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kare mu da dukiyoyinmu, amin.