Ginin Ƙasa a Ƙasar Hausa

Ginin ƙasa shi ne wanda ake tayar da bangonsa da tubali, a jera azara, a rufe da ƙasa. Kowa ya san ɗakin soro da sanyi a bazara da ɗumi a hunturu, saboda kaurin bangonsa. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne yadda magini ya dogara da sauran masu sana'a. Lason da ke hana ruwa cin bango, da katsin marina ake haɗa shi, da gashin jima na majema, da dafara. Makuba daga ɗorawa take, azara kuwa daga giginya, wadda gara ba ta iya mata.

Ginin da ya fi shahara shi ne Masallacin Juma'a na Zariya. Marubuta sun saɓa kan shekarar gina shi, har ma kan sunan Babban Gwanin da ya gina shi: wasu sun ce Malam Mika'ilu, wasu Muhammadu Durugu. Abin dogaro dai shi ne zamanin Sarki Abdulkarim, 1834 zuwa 1846. Wani ɓangarensa ya rufta a Agustan 2023.

A karkarar Nijar ne sana'ar ta sake yin tashe. A 1962 mutanen Yama, a jihar Tawa, suka ɗora wa Falke Barmu, manomi kuma magini, aikin masallacinsu, kowane gida ya ba da gudummawar hannu. A 1975 Falke ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da siffarta. Masallacin ya sami kyautar Aga Khan a 1986.

Sai dai farin shekarun 1970 ya rage itatuwa, azara ta yi tsada. A 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina a Cikal, kusa da Filinge, rufin tulluwa da tubali zalla ba itace, dabarar Nubiya da Hassan Fathy ya farfaɗo da ita a Masar. Daga nan ta kai Mali da Burkina Faso. Wannan dabarar ta fi duk wani sauyi amfani ga talaka, don ƙasar ginin tana bayan gidansa. A 2018 masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin Dandaji, a Nijar, ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse a inji.

A kudancin Najeriya kuwa, Hausawan Fatakwal, irin na kewayen Kasuwar Oil Mill, da na Anaca da Inugu, ba su tafi da soro can ba. Ruwan saman Fatakwal ya ninka na Kano fiye da sau biyu, don haka bulo da kwano suka karɓe.