Yadda Atina Ta Raini Wasan Kwaikwayo

Wasan kwaikwayon Girka daga bakin 'yan amshi ya fito. A Atina, duk shekara in sanyi ya wuce, akan yi bikin Diyonisas, abin bautarsu na inabi da giya, maza hamsin su kewaye fili suna waƙa da rawa. Wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ce wani Tesfis ya ware daga ayarin, ya rufe fuskarsa, ya shiga amsa musu da bakin wanda ake ba da labarinsa. Daga baya marubuci Eskilas ya ƙara ɗan wasa na biyu, marubuci Sofokilis na uku. Dukansu maza ne, har masu fitowa a mata.

Hukumar gari ce ta riƙe abin, kuma a ganina nan ƙarfinsa yake. Babban jami'i ke zaɓar marubuta uku su yi gasa, kowanne ya kawo wasannin ban tausayi uku da na raha ɗaya. Kuɗin horar da 'yan amshi da tufafinsu a wuyan wani attajiri ake ɗora shi, tamkar haraji. Alƙalai goma da ƙuri'a ake fitar da su. Barkwanci zalla sai a 486 ya shiga gasar.

Mutanen nan ba su ɗauki wasa da wasa ba. Da Farisawa suka rushe Milatas, birnin Girkawa, a 494, marubuci Firinikas ya mai da masifar wasa. 'Yan kallo suka fashe da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000 don ya fama musu ciwo, aka haramta sake nunawa. Amma a 472, shekara takwas kacal bayan Girkawa sun ci Farisawa a yaƙin Salamis, Eskilas, wanda shi kansa ya gwabza da Farisawa a Maraton, ya kai 'yan kallo fadar abokan gaba, suka ga uwar sarkin Farisa tana jiran labarin rundunar da ta halaka. Ya kuwa ci gasar. Wani matashi mai suna Farikilis ne ya biya kuɗin, kuma wasan shi ne mafi tsufa da ya iso mana.

A kan benci na katako ake kallon wasannin a lokacin, a gangaren tudun Akrofolis. Sai wajen 330 aka kammala dandalin wasan da dutse, aka kuma adana kwafin hukuma na wasannin Eskilas da Sofokilis da Yurifidis. Duk da haka, cikin fiye da 120 da Sofokilis ya rubuta, bakwai ne kawai suka tsira cikakku.