Ɗigon Walda da Tarihinsa

Ɗigon waldar da ake yi don riƙe ƙarfe kafin a zuba cikakkiyar walda, da can ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya koya wa Amurkawa hankali. A Janairun 1943 jirgin ruwan dakon mai, mai suna Schenectady, ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland, bincike kuma ya nuna ƙaramin aibi a walda kan zama mafarin tsagewa idan ƙarfe ya yi sanyi. Yau ƙa'idar aikin walda mai suna D1.1, wadda ta fara fitowa a 1972, tana neman a jarraba mai ɗigon, a kuma cire duk ɗigon da ya tsage. Ni dai ina roƙon iyayen gidan walda, kada ku bar wa sabon yaro wannan aiki ba tare da sa ido ba.