Ƙara wa Furosesa Gudu

Ƙara wa furosesa gudu dabara ce ta sa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki fiye da saurin da kamfani ya ƙayyade mata, misali daga gigahaz 3.6 zuwa 4.2. A cikin BIOS ake ɗaga lambar ninki kaɗan-kaɗan, wani lokaci har da ƙarfin wuta. Furosesocin Intel masu harafin K da Ryzen na AMD sun dace da wannan.

Babbar illar wannan dabara ita ce zafi. A Abijan, inda zafin rana kan kai digiri 30 ga laima, mai gyara a unguwar Treichville ko Adjamé sai ya share ƙurar fanka, ya sabunta man sanyaya. Daga nan a gwada kwamfutar awoyi da manhajar Prime95. In ta daskare ko allo ya yi shuɗi, a rage gudun.