Inuwar Kaduna da Bakin Koginta

A cikin 1917 ne Gwamna Lugga ya tashi hedkwatar Arewa daga Zungeru ya maido ta Kaduna. A lokacin nan wurin daji ne, sai ƙauyukan Gwari jefi-jefi, da gadar jirgin ƙasa. Aka zaɓi tudun da ke arewa da kogi aka kafa gari, aka fitar da hanyoyi masu faɗi, aka jera musu madaci da mangwaro hagu da dama.

Amma fa ba don talaka aka yi wannan ƙawa ba. Dokar zamanin ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don gudun sauro. Saboda haka inuwa ta taru waje guda, su Tudun Wada kuwa suka tashi a rana. Duk da haka itace bai san mai gida ba. Turawa suka tafi a 1960, madatai suka zauna.

A 1954 aka keɓe dajin Afaka, can bayan Mando. A 1967 kuma wani Bature masanin tsara birane, Max Lock, ya fitar da tsarin Kaduna, ya ba da shawara a bar bakin kogi fili, kada a yi gini. Shawara ce mai kyau, sai dai ba a bi ta ba. Mutane suka yi ta kwararowa, fili ya yi tsada, aka sauka fadama aka yi ta gina gidaje. Afaka kuwa masu itacen girki da masu gawayi suka dinga yi masa ɗauki ɗai-ɗai.

Ran nan, cikin 2003, kogi ya cika ya batse, ya shiga Malali da Unguwar Rimi da Kabala, ya raba dubban mutane da gidajensu. A 2012 ya sake komowa. Ruwa dai hanyarsa ya bi, shara kuma ta riga ta toshe magudanai.

Masana sun gane cewa hayaƙin kwal da man fetur yana taruwa a sama yana tare zafi, kamar bargo. Shi ya sa bazara take ƙara tsanani, ruwan sama kuma yakan zubo da yawa a lokaci guda. Itace kuwa yana shanye wannan hayaƙi, saiwarsa tana riƙe ƙasa. Kan wannan al'amari ne ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka ƙulla alkawari a birnin Paris a 2015.

A 2016 gwamnatin jiha ta ɗaura yaƙin dashen itatuwa, aka raba dashe ga makarantu da unguwanni. Sa'an nan aikin faɗaɗa tituna na 2019 ya zo ya ci tsofaffin itatuwa da dama. Dashe da damina ba wuya. Wuyar tana ga rani, sa'ad da ɗan itace yake bukatar mai ba shi ruwa, da mai kange shi daga awaki, shekara biyu ko uku kafin ya kama ƙasa. Wanda aka dasa a ƙofar gida ko harabar masallaci yakan sami wannan gata, na tsakiyar titi kuwa sau da yawa kafin watan Maris ya bushe.