Jilani ko Jelani: Tarihin Wani Suna da Ya Yi Ƙaranci a Figil

Duk lokacin da aka raɗa wa jariri suna Jilani a garin Figil na arewacin Kamaru, abin da ba safai yake faruwa ba a yau, sai gardama ta tashi tun kafin a gama rabon goro, domin liman ya ce Jilani, dattawan unguwa su ce Jelani, ma'aikacin ofishin magajin gari kuwa ya rubuta Djeilani a takardar haihuwa bisa ƙa'idar Faransanci, kowannensu yana ganin ɗan'uwansa ne ya yi lahani.

Asalinsa ba sunan yanka ba ne, nisba ce zuwa ƙasar Gilan ta Farisa, inda aka haifi Shaihu Abdulƙadir, wanda ya yi hijira zuwa Bagadaza don neman ilimi, ya rasu a can a shekarar 561 ta Hijira, wato 1166. Da yake Larabci na fasaha ba shi da harafin da Farisawa ke buɗe sunan ƙasar da shi, sai wasu suka musanya shi da jimun suka ce Jilani, wasu da kafun suka ce Kailani, kuma daga wannan reshe na biyu ne Rashid Ali Kailani ya fito, wanda ya riƙi mulkin Iraƙi a 1941.

Ƙarnoni suka shuɗe ɗariƙarsa ta Ƙadiriyya na ratsa Sahara ta hannun malaman Kunta, har ta iso ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba da labarin wahayin barci da ya yi a 1794, cewa Shaihu Abdulƙadir ya rataya masa takobin gaskiya. Daga nan jama'arsa suka riƙa kiran kansu Ƙadirawa, sa'an nan da Modibbo Adama ya karɓo tuta ya kafa Fombina, ya zauna a Yola a 1841, sunan ya bi malamai da fataken Hausawa zuwa Garwa da garuruwan da ke arewa da ita. A al'adarmu laƙabi ne da ke bin mai suna Abdulƙadir, kamar yadda Siddiku ke bin Abubakar, Faruku ke bin Umaru.

Masu cewa Faransawa ne suka ɓata lafazin zuwa Jelani, ni ban yarda da hujjarsu ba. Gaskiya ne rubutunsu ya ɗora mana dalun da ba mu furtawa, shi ya sa Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa a 1924, ya zama Ahidjo a takardu. Amma Jamusawa ba su kama Garwa ba sai 1901, ba a kuma ƙwace ta daga hannunsu ba sai 1915, daga baya ne ta koma hannun Faransawa, alhali harshen Bahaushe ya riga ya mai da Shaihu Shehu, ya mai da Sulaimanu Sulemanu, tun kafin Bature ya taka bakin Binuwai. Idan aka rubuta sunan da Larabci ba wasali, ana iya karanta jimun da kasra ko da fataha, wanda ya karanta Jailani kuwa, jikansa Jelani zai ce. Wannan sauyi namu ne na gida, ban ga dalilin da zai sa a kunyata dattijo a kansa a bainar jama'a ba.

Ƙarancin sunan kuma, a ganina, Tijjaniyya ce sanadinsa na farko, domin tun daga zaman Alhaji Umaru Futi a Sakkwato har zuwa yaɗuwar almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, sunayen Tijjani da Barhama suka cika gidaje. Bayan kafa Izala a Jos a 1978 kuwa, matasa da yawa suka ƙaurace wa sunayen waliyyai baki ɗaya. Abin yana yi mini ciwo, musamman idan na ga a Kano, inda Shehu Nasiru Kabara ya raya Maukibin Ƙadiriyya na shekara-shekara, har yanzu iyaye na raɗa shi ba tare da wani ya nemi su kawo dalili ba.